Begen Gida a Waƙar "Take Me Home, Country Roads": Nazari Daga Mahangar Waƙar Baka

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi jigon begen gida a waƙar da John Denver ya fitar a 1971, wadda ya tsara tare da Bill Danoff da Taffy Nivert, sannan ta auna ta da ma'aunin waƙoƙin noma na Hausa. Waƙar tana cikin rukunin kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, kuma a 2014 jihar West Virginia ta sanya ta cikin waƙoƙinta na hukuma.

2.0 Jigo da Warwararsa

Mawaƙin yana kan hanya cikin mota, rediyo ya tuno masa gida, sai ya roƙi hanyoyin karkara su mayar da shi. Gindin waƙar ne ke ɗauke da wannan roƙo, ɗiyanta kuwa siffanta ƙasar kawai suke yi. Ƙarfinta yana ga salon mutuntarwa, inda aka mayar da jihar uwa mai jiran ɗanta.

To amma akwai abin dubawa. Duwatsun Blue Ridge da kogin Shenandoah da aka ambata, mafi yawansu a maƙwabciyar jihar Virginia suke, gefen gabashin West Virginia kaɗai suka taɓa. Shi kansa Danoff bai taɓa taka jihar ba lokacin da ya fara tsara waƙar. Ke nan gidan da ake bege ƙagagge ne. Haƙar kwal, wadda ta ci ƙarfi da rayukan mutanen yankin, an gifta ta da kalma ɗaya tak. Wannan rauni ne, ko da yake shi ya ba baƙo damar ɗora ƙauyensu a kan waƙar.

Makaɗin noma na Hausa ba ya yin haka. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya fara da kiɗan noma a hannun mahaifinsa kafin ya koma na fada, daga al'adar da ake kiɗa a bakin kunya ya fito, ranar gayya. A can sunan manomi ake kira, a zuga shi, a yi wa rago zambo. Karkara wurin gumi ce, kuma ba a begen abin da ake tsaye a kansa. Ɗan ci-rani ma ya san da faɗuwar ruwan farko zai koma.

Misalin Fika ya fi kusa da waƙar Denver. Tun 1924 aka mayar da fadar masarautar Bolawa zuwa Potiskum, amma har yau Sarkin Fika ake cewa. Jikan da aka haifa a Potiskum, wanda wataƙila Hausa ta fi Bolanci sauƙi a bakinsa, yakan ce shi ɗan Fika ne alhali bai taɓa riƙe fartanya a can ba. Irin wannan mai sauraro waƙar take nema: wanda ya gaji sunan gari, gonar kuwa tana hannun 'yan'uwa.