Lallashin Sabuwar Taya: Gwanintar da Ba a Tafa Mata a Tseren Motoci

Kafin a saki motocin Formula 1, sukan yi zagaye ɗaya a jere ba tare da tsere ba. A nan ne za ka ga kowace mota tana karkaɗa, ta yi dama ta yi hagu, direba ya taka totur ya ci birki, ya sake takawa ya sake ci. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ɗauka burga ce irin ta samari. Ko kusa. Wuta suke hura wa tayoyinsu, kuma abin da direba ya yi a waɗannan 'yan mintuna shi ke yanke hukuncin ko zai isa kwanar farko a gaba, ko zai isa yana sulɓi.

Tayar tsere ta lokacin rani sumul take, ba ta da zane ko ɗaya. Ta hanya biyu take riƙe ƙasa. Robar kan yi laushi ta nutse cikin ƙananan ramukan kwalta, sannan ta yi danƙo ta manne da ita. Duka biyun zafi ne ke kawo su. Tayar Formula 1 ba ta fara aiki sosai sai zafinta ya kai wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, wato inda ruwa ke tafasa. In ta gaza haka, robar na da tauri, motar sai santsi. In ta zarce da yawa, robar ta saki, ta yi maiƙo, santsin ya dawo ta wata ƙofar. Mai waina ta san wannan a tandarta: ta zuba ƙullu tanda ba ta yi zafi ba ya kama, ta bari wuta ta yi yawa baya ya ƙone ciki ɗanye. Bambancin kawai, direba yana kula da tanda huɗu ne a lokaci guda, kowace da nata zafin, yana gudun da ya haura kilomita 300 a awa.

Kamfanin Pirelli na Italiya, wanda shi kaɗai ke bai wa gasar taya tun 2011, yakan kawo nau'i uku na rani a kowane tsere: mai jan zobe ita ce mai laushi, mai rawaya matsakaiciya, mai fari mai tauri. Mai laushi saurin ɗaukar zafi gare ta, saurin mutuwa kuma. Mai tauri sai an yi ta roƙonta kafin ta amsa, amma in ta amsa tana da nisan zango.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar nan shi ne yadda masu ita suka gane cewa taya ba ta mantuwa. Sabuwa fil takan fito daga ma'aikata da wata fata mai sheƙi wadda kwarmin da aka gasa ta a ciki ya bar mata, kuma sai an kankare wannan fatar a kan kwalta kafin ainihin robar ta taɓa ƙasa. Wannan mai sauƙi ne. Babban lamarin yana ciki. Ɗumamar farko da taya ta yi tana sauya robar kanta, sauyin da ba ya komawa baya. Zafi da lanƙwasa kan tsinka raunanan mahaɗan da ke tsakanin zaren sinadarin robar, in tayar ta huce a hankali sai su sake ƙulluwa da ƙarfi fiye da da. Shi ya sa masu ƙananan gasa, waɗanda kuɗin taya daga aljihunsu yake fita, sukan ɗaura sabuwa su yi 'yan zagaye suna ƙara gudu kaɗan-kaɗan, ba cin birki mai tsanani, ba jan taya a ƙasa, sannan su kwance ta su ajiye a inuwa ta kwana ta yini kafin ranar tsere. Tayar da aka yi wa haka takan ɗan rasa kaifin zagayen farko, amma ta fi daɗewa tana ba da abu iri ɗaya. A gasar NASCAR ta Amurka, shugaban makanikai kan zaɓa tsakanin sabuwa dal da takardar kamfani ke manne a jikinta da wadda aka riga aka ɗanɗana, ya danganta ko gajeren gudu yake nema ko dogo.

A Formula 1 babu wannan sararin a tsakiyar tsere. Direba ya shigo, an sauya masa taya huɗu cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya (McLaren ta taɓa yi a daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023), ya fito, ga abokin hamayya a madubi. Zuciyarsa na ce masa ya ƙure totur, injiniyansa kuma na ce masa a rediyo ya bi a hankali. Wanda ya afka wa sabuwar taya a zagaye biyun farko yakan ci ribar daƙiƙa ɗaya nan take, ya biya bashinta da ruwa bayan zagaye goma sha biyar. Gwani shi ne wanda ya san iyakar abin da zai ɗiba yanzu ba tare da ya ci na gobe ba. Ba a ganin wannan a talabijin. Sai can ƙarshen tsere mai kallo ya ga wata mota tana ta haɗiye na gabanta, ya ce injinta ya fi, alhali tun da daɗewa aka shuka abin.

Kuma zafin taya ba ɗaya ba ne, biyu ne. Akwai na fata, wanda ke hawa ya sauka cikin daƙiƙoƙi, akwai na ciki, na gangar jikin tayar, wanda ke tafiyar hawainiya. In fata ta yi ta gogar kwalta alhali tayar ba ta ɗumama ba, robar kan yage ta nannaɗe ta zama ƙananan tsaki da ke manne a fuskar tayar, motar ta koma tafiya a kan tsakin maimakon kwalta. Wannan cutar takan warke in direba ya yi haƙuri har tsakin ya goge. Ɗaya cutar ba ta da magani: ciki ya yi zafi fiye da kima, robar ta yi bororo daga ƙasa ta fashe, ta bar ramuka. Saboda haka karkaɗar nan da ake gani rabin aikin ce kawai, domin fata ta fi ɗumamawa. Abin da ke kai zafi ciki shi ne birki. Faifan birkin waɗannan motoci na iya kaiwa digiri 1,000, zafinsa ya ratsa wili ya shiga tayar ta ciki. A 2020 Mercedes ta zo da wata dabara da ta girgiza kowa: direba ya ja sitiyari zuwa ƙirjinsa ko ya tura shi gaba, sai fuskar tayoyin gaba ta ɗan sauya, abin da ya taimaka wajen ɗumama su. Shekara ɗaya aka bar su da ita, aka haramta.

Kada a ɗauka aikin ba shi da haɗari don ana yin sa a hankali. A Baku ta ƙasar Azabaijan a 2018, Romain Grosjean yana matsayi na shida, ana bin motar kiyaye hatsari, yana ƙoƙarin ɗumama taya sai ga shi a jikin katanga. A Imola a 2020 haka ta faru da George Russell, yana na goma, dab da samun makinsa na farko a gasar. Ba koyo suke yi ba. Mota mai ƙarfin doki kusan 1,000 a kan taya mai sanyi ba ta jin magana.

Na gareji ma da nasu karatun. A gasannin da ba su da na'urori masu yawa, da mota ta tsaya sai mutum ya durƙusa da ma'auni mai allura ya soka a wuri uku: gefen ciki, tsakiya, gefen waje. Tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Gefuna biyu sun fi tsakiya, iska ta yi kaɗan. Gefen ciki ya yi wa na waje fintinkau, an karkatar da saman tayar ciki fiye da kima. Lamba uku, sun gaya masa abin da direba bai iya faɗa ba. Iskar ma busasshiya ake sawa ko naitirojin, domin damshi kan sa awon iska ya yi tsalle in taya ta ɗau zafi, kuma awon da ake sawa a sanyi lissafi ne na inda zai kai in an shiga tsere.

Wanda ke son ganin wannan ilimi a cike, ya nemi tseren Turkiyya na 15 ga Nuwamban 2020. Makonni kaɗan kafin ranar aka sake shimfiɗa kwaltar filin Istanbul, tana ta sulɓi, ga sanyi, ga ruwan sama. Kowa na kukan taya ta ƙi ɗumi. Lewis Hamilton ya tashi a na shida. A zagaye na 8 ya sa tayar yayyafi, mai koren zobe, bai sake tsayawa ba har ƙarshen zagaye 58. Da hanya ta fara bushewa, zanen tayar ya yi ta cinyewa har ta suɗe ta koma kusan ta rani, amma suɗaɗɗiya mai ɗumi, wadda ta dace da hanyar da ba ta jiƙe ba ba ta bushe ba. Lance Stroll, wanda ya daɗe yana jan ragama, ya shiga ya sa sabuwa, ta yi masa tsaki, ya ƙare a na tara, ko da yake daga baya ƙungiyarsa ta ce fiffiken gaban motar ya samu rauni. Sergio Perez, wanda shi ma ya riƙe tsohuwarsa, ya zo na biyu. Hamilton ya ba shi ratar fiye da daƙiƙa 30, ya ɗauki kambunsa na bakwai a ranar, ya kamo Michael Schumacher a yawan kambu. Zagaye 50 a kan taya ɗaya, yana sauraren ta ta sitiyari da ƙugunsa, yana sanin cewa tsohuwa mai zafi ta fi sabuwa mai sanyi.

Saura batun bargo. A Formula 1 ana naɗe taya da bargon lantarki kafin a ɗaura ta, kuma tun 2022 aka rage zafinsa zuwa digiri 70. An yi shirin hana shi gaba ɗaya a 2024, direbobi suka yi ca cewa za a yi ta hatsari a bakin fita daga gareji, aka ɗage. Tsoronsu ba na banza ba ne, an ga abin da taya mai sanyi ke yi. Amma a gasar IndyCar ta Amurka ba a amfani da bargo, haka ma a Formula 2, inda mafi yawan waɗannan direbobin suka yi ƙuruciyarsu, kuma a can zagayen farko bayan sauya taya yana cikin wuraren da ake tantance gwani. A ganina Pirelli ta ƙera robar da za ta jure, a naɗe bargon a ajiye, a bar aikin a hannun direba.