Tsiron Hatsi da Garin Leda

A Ingila da Amurka akwai gwangwanin da ake sayar wa mai son koyon haɗa giya a gida. Kamfani ya riga ya jiƙa sha'ir, ya tsirar da shi, ya dafa ya tace, ya ƙafe ruwan har ya yi kauri. Mai saye ruwa kawai zai ƙara, wajen lita 23, ya barbaɗa yis, ya rufe ya jira. Giya dai haramun ce ga Musulmi, kuma Jihar Katsina ta hana ta tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000. Amma aikin da gwangwanin ke ɗauke wa mai shi, wato tsirar da hatsi, shi ne gwanintar da matan Funtua da Malumfashi suka gada wajen dama kunun zaƙi.

Gwana ba ta dogara da sukari. Takan jiƙa shinkafa mai ɓawo ko dawa, ta tsane ta, ta shimfiɗa a inuwa ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma har fararen saiwoyi su leƙo, sannan ta shanya. Ranar damu sai ta raba ƙullun gero biyu. Kaso mafi yawa ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ɗan ragowar kuma ta haɗa shi da markaɗaɗɗen tsiro da dankali da citta da kanumfari. Nan hannu ke bambanta. In ta haɗa su kunun na tururi, zafi ya kashe ƙarfin tsiron. In ya huce sarai, aikin ya yi nawa. Sai ya sha iska ta zuba, kafin gari ya waye kaurin ya saki, zaƙi da ɗan tsami sun fito. Sinadarin da ƙwaya ke fitarwa don ciyar da tsironta ne ya narkar da sitaci ya mai da shi sukari.

Da irin wannan tsiro na dawa Maguzawan yankin Malumfashi da Kafur ke dafa burkutun gayya da na biki, sai dai su sukan bar shi kwanaki har ya yi ƙarfin bugarwa. Kunu ma in ya daɗe haka zai koma, shi ya sa mai kunu ba ta wasa da lokaci a watannin bazara.

Manyan kamfanoni ma sun dawo kan dawa. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun lemon malt da na giya suka koma wa kaura da farafara, irin waɗanda ake lodi a kasuwar Dandume. Manomi ya sayar a buhu, ɗansa ya saya a kwalba da tsada.

Yanzu garin kunu na leda ya shigo, kuma ba na raina shi. Yana fid da ɗaliba a makarantar kwana da ma'aikaciyar da ba ta da kwana huɗun jiran tsiro. Ita ma tsohuwar hanya tana da nata haɗari: tsiron da aka bari cikin laima yakan yi fumfuna, kuma ɗanyen tohon dawa na ɗauke da gubar nan da manoma suka sani a gyauro, mai kashe awaki, don haka dole a murje saiwa da toho bayan shanya. Sai dai yawancin garin leda sai an ɗura masa sukari, kuma yarinyar da ta tashi da shi ba ta san yaushe ƙullu ya sha iska ba. Iyaye mata, ko sau ɗaya ne kafin azumi, a sa 'yan mata su tsirar da mudu guda da hannunsu.