Lissafi Biyu a Tarihin Caldwell

In an ɗauko zancen Clive Caldwell, matuƙin jirgin yaƙin Ostiraliya da ya fi kowa harbo jirage a yaƙin duniya na biyu, galibi da lamba ake farawa: jirage 28 da rabi. Rabin nan kuwa daga jiragen da suka kakkaɓo tare da wasu ya fito, aka raba musu kamar gadon gona. Sannan a kawo ranar 5 ga Disamba 1941, da ya harbo jiragen Stuka na Jamus guda biyar cikin ƴan mintoci a sararin Libiya. Ni wannan salon ba da labari ne nake da ja da shi.

Ku dubi littafin Jeffrey Watson na 2005. Sunan da ya sa a bango shi ne "Killer Caldwell", wato makashi, laƙabin da shi mai sunan bai taɓa so ba. Ai ka ga inda aka dosa tun daga bango. Kuma laƙabin ba ado ba ne. A Yulin 1941 Caldwell ya ga an harbe abokinsa yana saukowa da lema, daga baya shi ma ya riƙa harbin abokan gaba da suka yi tsalle daga jirgi. Wannan abu ne da ya kamata marubuci ya zauna a kansa ya yi ta juyawa. Sai aka maida shi kirarin sayar da littafi.

Wurin da ya fi dacewa a daɗe shi ne Morotai, wani tsibiri a Indonesiya ta yau. A 1945 Amurkawa sun wuce gaba zuwa Filifin, aka bar matuƙan Ostiraliya suna kai hari kan sansanonin Japan da yaƙi ya riga ya wuce su. Ana asarar samari da jirage a banza. Wani hafsa, Wilf Arthur, ya zauna ya yi nasa lissafin: ga abin da muka rasa, ga abin da muka samu. Wallahi ciniki ne na faɗuwa. A watan Afrilu manyan hafsoshi takwas, har da Caldwell, suka miƙa takardar ajiye aiki. Mutumin da ya yi suna da kisa shi ne ya sa hannu cewa a daina tura yara mutuwar da ba ta da dalili.

To, ban ce waliyyi ba ne fa. A daidai lokacin ana tuhumarsa da sayar da giya a Morotai, kuma a Janairun 1946 kotun soja ta rage masa girma, ya bar aiki. Masu son ɓata shi da wannan suke kafa hujja. Amma binciken John Barry ya gano cewa hafsoshin da zuciya ɗaya suka yi abin da suka yi, kuma kumandansu Cobby ya rasa kujerarsa.

Lamba 28 da rabi tana da sauƙin haddacewa, shi ya sa ta yi kasuwa. Lissafin Arthur kuwa dole ka sa sunayen matattu na ɓangarenka a ciki, kuma ka tambayi wanda ya aike su.