Wa Ya Kwashe wa Diouana Harshe? Sharhi a Kan Fim ɗin Sembene

Fim ɗin La Noire de..., wato Baƙar Yarinya, Usman Sembene na ƙasar Sanagal ne ya shirya shi a 1966, daga wani gajeren labari nasa da ya fito a 1962. Tsawonsa bai wuce kimanin awa guda ba. Yana buɗewa da wani farin jirgin ruwa ya tsaya a gaɓar Faransa, wata budurwa mai suna Diouana ta sauko da akwatinta. Wasu Faransawa ne, miji da mata, suka ɗauke ta renon 'ya'ya a Dakar, daga baya suka kira ta garin Antibes. Da ta isa sai ta tarar ba reno, sai girki da wanki da goge ɗaki, kuma ba fita. A ƙarshe ta yanke maƙogwaronta a bahon wanka.

Diouana ba bebiya ba ce. A Dakar mun gan ta tana tsalle tana shela ta sami aiki. Amma tun da ta shiga gidan nan na Antibes da ƙyar za ka ga leɓenta ya motsa, sai dai mu ji zancen zucinta. Baƙi na cin shinkafar da ta dafa suna tattauna ta a gabanta, kamar ana taya akuya a kasuwa.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne na wasiƙa. An aiko takarda da sunan uwarta, alhali uwar ba ta iya rubutu ba, wani ne ya rubuta mata. Ita ma Diouana ba ta iya karatu ba, maigida ne ya karanta mata. Sannan ya ɗauki alƙalami ya fara ba da amsa a madadinta, wai tana nan lafiya. To, jama'a, uwa da 'ya ke nan suna gaisawa, amma babu kalma guda da ta fito daga bakin ɗayansu. Diouana ta yayyaga takardar. A nan Sembene ya gama warware jigonsa, ba tare da wa'azi ba.

Masu sharhi da yawa sukan ce Faransanci ne, harshen mai mulkin mallaka, ya rufe mata baki. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina bayanin bai cika ba, kuma garinmu Jibiya ne ya nuna mini haka. Duk wanda ya taɓa zama a tashar Magama ya ga 'yan mata daga ƙauyukan Maraɗi sun ƙetaro ta Ɗan Isa, wata dattijuwa na gaba suna biye, za a kai su aikatau Katsina ko Kano. Waɗannan Hausawa ne, gidajen Hausawa za su. Ba su bukatar tafinta. Amma shiga gidan da 'yar aiki take ka saurara: abin da za ka ji daga bakinta bai wuce "To, Hajiya" ba. Sau da yawa ma kuɗin aikinta ba hannunta yake shiga ba, dattijuwar da ta kawo ta ce ke karɓa ta kai gida. Ashe wanda yake ci daga hannun wani, ba shi da kuɗin mota, bai san kowa ba a garin, ko da harshensu ɗaya da uwar ɗakinsa shiru zai yi. Sembene ya san wannan, don ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, kuma ya nuna mana Diouana tana tambayar kanta ina albashinta.

Inda nake da ja da fim ɗin shi ne zancen zucin nan. Da Faransanci aka yi shi, kuma ba muryar Mbissine Thérèse Diop ba ce, wadda ta fito a Diouana. Muryar Toto Bissainthe ce, 'yar ƙasar Haiti. Wato yarinyar da maigida ya yi wa aron baki a wasiƙa, mai fim ma ya sake yi mata wani aron. Wani malaminmu ya ce mini kuɗi da kasuwa ne suka tilasta haka, kuma bayan shekara biyu Sembene ya fitar da Mandabi da harshen Wolof. Na yarda, amma kunnena bai yarda ba. Fuskar Mbissine kaɗai ta isa a wurare da dama, muryar sai ta zo tana fassara abin da ido ya riga ya gane.

Shi ya sa ƙarshen fim ɗin ya fi sauran ƙarfi, don ba mai fassara. Maigida ya kawo akwatin Diouana Dakar, ya miƙa wa uwarta kuɗi, ta juya masa baya ta ƙi karɓa. Wani yaro ya ɗauki dodon katakon da Diouana ta taɓa ba uwar ɗakinta ta kuma ƙwace abinta, ya rufe fuska da shi, ya bi Baturen a baya. Bature na sauri yana waiwaye har ya shige motarsa.