Kunyar Ɗan Fari a Gidan da Babu Kaka

A gidajen Hausawa da yawa, har gobe, za ka tarar da mace ta haifi 'ya'ya takwas, tana kiran bakwai da sunayensu, amma na farkon bai taɓa jin sunansa daga bakinta ba. In tana nemansa sai ta ce "kai", ko ta aiki ƙaninsa: "Je ka ce wa yayanku ya zo." In baƙuwa ta tambaye ta ko wannan nata ne, sai ta kau da kai, wata ta amsa mata. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, wadda wasu ke kira alkunya ko kara. Mun tashi mun same ta, kuma da wuya ka ji an tsaya ana tambayar me ta zo yi.

Tun kafin haihuwa ake fara ta. Idan cikin fari ya tsufa, yarinya takan koma gidan iyayenta goyon ciki, a can za ta haihu, a can za ta yi wankan jego na kwana arba'in, tana shan kunun kanwa, tsofaffi na kula da ita. Jaririn kuwa yana hannun kaka. Mai jego ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, wata ma sai an yi da gaske kafin ta ba shi mama idan akwai baƙi a ɗaki. Shi ma uban bai tsira ba. Ranar suna yakan ja baya, baffannin yaro su tsaya a kan komai, kamar yadda su ne za su tsaya a waliccin aurensa in ya girma. Da an zo yaye sai a kai yaro wajen kaka ko gwaggo, kuma 'ya'yan fari da yawa daga nan ba su sake dawowa ɗakin uwa da zama ba.

Al'adar ba ta jiya ba ce. Tsakanin 1949 da 1950 Baturiyar nan Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa mai suna Baba a ƙasar Zazzau tana rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga littafin Baba of Karo a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi, kuma labarinta cike yake da yaran da ke tashi a hannun wanda bai haife su ba, ba tare da kowa ya ga abin mamaki ba. Shi ma Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya sa kunya cikin halayen da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri. A wajen Fulani kuwa abin ya fi haka tsanani, domin semteende, wato kunya, ginshiƙi ce a pulaaku, wato ɗabi'ar Fulani.

A ganina dalilai uku ne suka haɗu suka haifar da kunyar ɗan fari, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai ƙuruciya: yarinyar da aka aurar tana shekara goma sha huɗu, ɗan fari shi ne shaidar da kowa ke gani ta abin da ba a faɗa tsakanin miji da mata. Akwai tsoro. A zamanin da agana da ƙyanda ke kwashe yara, nuna ɗoki a kan ɗa kamar kiran kambun baka ne. Dubi sunayen da ake laƙaba wa ɗan wabi, irin su Ajuji da Ayashe da Ajefas: uwa ta nuna kamar ba ta damu ba, ko mutuwa ta ƙyale mata wannan. Amma dalilin da ya fi ƙarfi shi ne na mallaka. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, kuma da ɗan fari ake tabbatar da maganar. Uwa ta janye hannunta don ta nuna wa surukai da nata iyayen cewa ba ta ware kanta da abin da ta haifa ba, zuri'a ce ta ƙaru.

Nan ne masu sukar al'adar suke yawan kuskure, domin suna kallon uwa ita kaɗai. Tsarin bai bar yaro hannu rabbana ba. Abin da aka hana uwa ta nuna, an buɗe wa kaka ƙofarsa har iyaka. Ita ce ke kiran jikanta "mijina", tana tsokanarsa da cewa bai kawo cefane ba. Jikarta mace kuma ta zama "kishiya". Ita ke ɓoye masa ƙanzo da ƙuli-ƙuli, ita ke shiga tsakani in za a doke shi, a ɗakinta yake kwana yana jin tatsuniya. Ga gwaggo, ga inna, ga kishiyar uwa wadda sau da yawa ita ake danganta yaron da ita. Ɗan fari a babban gida ya rasa baki ɗaya ne ya sami biyar. Shi ya sa za ka ga dattijon da ya tashi a haka ba ya jin an tauye shi, har yana alfahari da cewa shi goyon kaka ne.

Inda al'adar ke cizo, tun a wancan zamanin ma, shi ne wajen rashi. Idan ɗan fari ya rasu, uwar da ba ta taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba a sa ran ta kira shi yana kwance. Mata za su cika gida, ana "ya haƙuri?", ana "Allah ya sa mai ceto ne", kaka na share hawaye a fili, ita kuwa uwar ana kallonta a ga ko za ta yi kara. In ta daure a yaba mata, a ce wance akwai kawaici. In kuka ya ci ƙarfinta, sai ka ji wata na raɗa cewa ba ta da kunya, a kan ɗan fari take wannan? Kwana uku na zaman makoki su wuce, kowa ya watse, a bar ta da abin da ba ta da wanda za ta faɗa wa. Wannan ba tarbiyya ba ce, zalunci ne da aka lulluɓe da sunan kunya.

Ba za a jingina shi ga addini ba. Gaskiya ne hadisi ya sa kunya cikin imani, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a gaban sahabbansa lokacin da ɗansa Ibrahim ke barin duniya. Kuma da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ba yabo ya samu ba, gargaɗi aka yi masa a kan rashin jinƙai. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da yage tufafi da marin fuska. Hawaye ba ya ciki.

Yanzu kuma gidan da ya ɗauki nauyin al'adar yana watsewa. Ma'aikacin da aiki ya kai Abuja ko Legas ko Yamai yana zaune da matarsa a ɗaki biyu na haya. Kaka tana ƙauye, sai dai a gaisa ta waya. Babu gwaggo a tsakar gida, babu wanda zai karɓi yaye. Amma wasu matan sun taho da kunyar kamar yadda suka gan ta a wajen iyayensu. Sai yaro ya tashi yana ganin ana rungumar ƙannensa, ana tambayarsu yadda aka yi a makaranta, shi kuwa daga aike sai faɗa. An bar masa rabin al'adar mai ɗaci, rabin mai daɗi ya tsaya a ƙauye. Irin wannan yaro ba zai fassara shirun uwarsa da girmama dangi ba, domin bai ga dangin ba. Abin da zai fahimta shi ne ba a sonsa.

Ba ina kiran a zubar da komai ba ne. Sakaya suna abu ne mai kyau, kuma mutane sun riga sun samo masa hanya: yaron da ya ci sunan kakansa ana ce masa Abba ko Baffa ko Khalifa, mai sunan kaka mace a ce mata Ummi ko Mama, uwa ta kira ɗanta baki buɗe ba tare da ta taka mutuncin surukanta ba. Barin baffa ya yi walicci shi ma yana ƙara danƙon zumunci. Waɗannan a riƙe su. Amma kunyar da za ta hana uwa zama kusa da ɗanta in ba shi da lafiya, ko ta hana ta tambayarsa abin da ke damunsa, wannan lokacinta ya wuce.

Ku kuma iyayenmu mata da ke zama a ɗakin makoki, roƙona gare ku ne, domin idonku ake tsoro. In kun ga uwa ta rasa ɗan farinta, ku ce mata ta yi kukanta, ku zauna kusa da ita, kuma ku tsawatar wa duk wadda ta buɗe baki za ta kira hakan rashin kunya.