Wane Littafi Ya Dace da Jakar Matafiyi?

'Yan uwa, duk lokacin da matasanmu za su ɗauki jaka a baya su kama doguwar hanya, ko ziyara ce zuwa Kaulaha ko fita wa'azi ƙauyuka, tambayar da suke kawo mana ɗaya ce: wane littafi za mu riƙe? Amsarmu ita ce a auna littafi sau biyu, nauyinsa a kafaɗa da nauyinsa a ƙwaƙwalwa.

Ihya'u na Imam Gazali littattafai 40 ne a haɗe. Riyadus Salihin kuwa hadisansa sun kusa 1,900. Dukansu taska ne, amma wanda ya loda su a jaka, kafin kwana uku zai fara neman inda zai ajiye su.

Wasu sai su koma ga Hikam na Ibn Aɗa'illah, wanda ya rasu a Alkahira a 1309, don yana shiga aljihu. To, a nan muke ja. Hikimominsa fiye da 250 ne, kowace gajeriya, amma ma'anarta zurfi gare ta. Shi ya sa malamai irin su Ibn Abbad da Ibn Ajiba suka yi masa sharhi. Ɗalibin da ya karanta maganarsa a kan dogaro da aiki, shi kaɗai a tasha babu malami kusa, yana iya fahimtar cewa aikin ma ba shi da amfani. Wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Mu dai Arba'una Hadisi na Imam Nawawi muka fifita. Hadisi 42 ne, ana iya haddace ɗaya kowace rana. Sai a haɗa da Ayyuhal Walad, wasiƙar Gazali ga almajirinsa, wadda ke matsa wa mai karatu ya yi aiki da abin da ya sani.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa 'yan fashi sun taɓa ƙwace wa Gazali takardunsa a hanyar Jurjan. Da ya samo su, sai ya shekara 3 yana haddace su. Takarda tana jiƙewa, cajin waya yana ƙarewa, abin da ke ƙirji ne kawai ke kaiwa ƙarshen tafiya.

Kuma a kula, kada littafi ya kwana ƙarƙashin takalmi a jaka. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya.