Bencin Harare da Harshen Bincike: Tsokaci a Kan Gwajin Friendship Bench

A watan Disamba na shekarar 2016 mujallar likitoci ta JAMA da ke Amurka ta buga sakamakon wani gwaji da Dixon Chibanda da abokan aikinsa suka gudanar a Harare, babban birnin Zimbabuwe. Tun daga lokacin, da wuya a yi taro kan bunƙasa bincike da horar da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasashe masu tasowa ba a ambaci Friendship Bench ba, wato bencin abota. Yabon ya dace. Sai dai a ganina yawancin masu yabon sun ɗauki darasi mai arha daga aikin, sun bar mai tsadar.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Ana ajiye bencin katako a harabar ƙaramin asibiti, a horar da jami'an lafiya na unguwa, galibinsu dattawan mata da ake kira kakanni, su zauna da mai damuwa har zama shida, su taimaka masa ya zayyana matsalolinsa, ya zaɓi ɗaya, ya tsara yadda zai tunkare ta. A gwajin an raba asibitoci 24 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, mutane 573 suka shiga, mafi yawansu mata. Bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a benci ne ke da alamomin ciwon damuwa, alhali a ɗaya ɓangaren adadin ya kusa kashi 50. Tazarar babba ce, kuma an same ta a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su taka kara sun karya ba wajen yawa.

Darasi mai arhar shi ne cewa ba sai an jira ƙwararrun likitoci ba. Wannan ne ruhin shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, kuma ba baƙo ba ne a Afirka: tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya saukar da majinyata da danginsu a gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Masu ba da tallafi suna son wannan darasi domin yana ƙirguwa: mutum nawa aka horar, benci nawa aka kafa.

Mai tsadar yana cikin ma'aunin da aka yi amfani da shi. Babban abin da gwajin ya auna shi ne makin wata takardar tambayoyi 14 da Vikram Patel da abokan aikinsa suka fitar a 1997 a Harare, cikin harshen Shona. Ba fassara ba ce. An tattaro ta ne daga yadda marasa lafiya da masu yi musu magani, na asibiti da na gargajiya, ke bayyana ƙuncin rai, shi ya sa kalmar kufungisisa, wato yawan tunani, ta sami gurbi a cikinta. Matakan zaman ma da sunayen Shona aka san su: kuvhura pfungwa, buɗe tunani, kusimudzira, ɗagawa, kusimbisa, ƙarfafawa. Ke nan kusan shekara ashirin kafin a buga sakamakon, an riga an yi aikin harshe. Ana iya ɗaukar benci a kai shi ko'ina cikin mako guda, amma wancan aikin sai an sake shi daga tushe a kowace al'umma.

Gwajin kansa yana da gurabun da za a soka. Ɓangaren da aka kwatanta da shi bai sami zama shida da wata dattijuwa mai saurare ba, don haka ba a iya rarrabe amfanin dabarar warware matsala daga amfanin samun kunnen babba. Bibiyar ta tsaya a wata shida, alhali damuwa ciwo ce mai tafiya ta dawo. Haka kuma masu taɓin hankali mai tsanani ba sa cikin waɗanda aka gwada, ga shi su ne iyalai suka fi rasa yadda za su yi da su, har ta kai ga ɗauri. Waɗannan ba su rushe sakamakon ba, sun dai taƙaita abin da za a iya ɗora masa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kwaikwayon irin wannan aiki a wurarenmu. An taɓa ba ni fassarar Hausa ta wani ma'aunin damuwa in duba, bayan an gama tsara bincike, kuɗi sun fito, saura mako biyu a shiga fili. Tambayar da ke neman sanin ko mutum ya daina jin daɗin al'amuran yau da kullum an juya ta da kalmar sha'awa. Duk Bahaushe ya san inda hankalin matar aure zai tafi idan baƙon namiji ya tambaye ta ko ta rasa sha'awa. Na gyara kalmar, amma matsalar ta wuce kalma. Mutumin da aka rena kan haƙuri da kunya, wanda ko yana kwance zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ba zai amsa tambaya kai tsaye yadda mai tsara ta ya zata ba. Tambaya kan tunanin kashe kai kuwa sau da yawa a'uziyya ce amsarta. Mai tambaya ya rubuta sifili, sifilin ya shiga kwamfuta, ya fito a matsayin ƙididdiga, a gina manufa a kansa.

A 2001 Patel da Sumathipala sun nuna cewa kashi 6 cikin ɗari kacal na muƙalun manyan mujallun likitancin ƙwaƙwalwa shida ne suka fito daga yankunan da ke ɗauke da fiye da kashi 90 na mutanen duniya. An fahimci wannan giɓi a matsayin ƙarancin marubuta, aka mayar da hankali kan koyar da ƙididdiga da rubutun neman tallafi. Suna da amfani, ni ma na ci moriyarsu. Amma matashin da ya ƙware a lissafi, yana auna mutanensa da ma'aunin aro, ƙara yawan takardu kawai zai yi.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, za ta buƙaci alƙaluma domin tsara hidima. Kafin a tattara su a ƙasar Hausa, wajibi ne a san iyakar da ke tsakanin damuwa da baƙin ciki da ɓacin rai da waswasi, da abin da mace ke nufi idan ta ce zuciyarta na ciwo, da lokacin da iyali ke yanke cewa lamarin na iska ne su nufi mai ruƙiyya. Sannan a bincika ko nauyin waɗannan kalmomi ɗaya ne a Kano da Damagaram da zangon Kumasi. Wannan aikin masana harshe ne da na al'ada tare da likitoci, kuma a farkon kasafin bincike ya kamata a rubuta shi, da sunayensu cikin marubuta.